Tabon Naushin da Ban Yi Ba

Yayan matata ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu a Ƙauran Namoda, mutane ba su gama sa takalma ba, ya ce ni nake dukan ƙanwarsa. Da wannan magana ya ɗauke ta daga ɗakina ya kai ta Shinkafi. Can ta rasu, aka rufe ta ban iso ba. Laifinsa ke nan, na faɗe shi tun farko don kada wani ya ce na yi kwana-kwana. Sunansa kuwa ba zan kira ba. Kada a ɗauka asiri nake rufa masa, bakina ne ba na son ɓatawa.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Na gama firamare, na taɓa aji ɗaya na gaba da ita, ubana ya ce alli ba ya cika tukunya, ya miƙo mini wuƙa. Da ƙuruciya na yi dambe kamar kowane ɗan fawa mai jini a jika. Bayan kaka mukan bi garuruwa, Zurmi, Kasuwar Daji, har Badarawa, na kai maza ƙasa, ni ma an kai ni. Shekarar da na yi aure na daina, amma suna ba ya dainawa. Har na yi furfura in na wuce sai ka ji wani ya ce ga mai hannun nan.

Shi kuwa yayan nata, ya yi shekaru yana dafa allura da share ɗaki a wani ƙaramin ɗakin shan magani na gwamnati. Da ya bari sai ya buɗe kemis kusa da kasuwar Shinkafi. Mutanen ƙauye suna ce masa likita, yana amsawa ba kunya. Tun farko bai so aurenmu ba, ya ce gidansu zai ɗauki ƙarnin jini. Mahaifinsu ne ya ba ni ita, Allah ya ji ƙansa. Da tsohon ya rasu, yayan nan ya zama babba. Muka shekara ashirin da biyu da ita, muka aurar da 'ya'ya mata biyu, bai taɓa cin tuwon gidana ba. Nama dai in na aika yana karɓa.

Ciwon a hannu ya fara. Tana tuƙin tuwo muciya ta suɓuce mata, ta ce yatsunta kamar ba nata ba. Muka ce sanyi ne. Sai ƙafafu suka kama kumburi, in ka danna da yatsa ramin ya zauna kamar a ƙullu. Wata rana, da kunya da komai, ta gaya mini fitsarinta yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Daga nan sai harshe. Ya yi ta girma a hankali har gefensa ya ɗauki sawun haƙora, tuwo ya gagara sai kunu. Matar da in ta kira ni daga madafa maƙwabta ke amsawa, maganarta ta koma kamar mai goro cike da baki.

Idon kuwa, tana sallar walha ya fara. Na dawo daga mayanka ɗaukar wani abu, na tarar ta ɗago daga sujada, kewayen idanunta biyu ya yi baƙi-baƙi da ja. Ita fara ce, uwarta Bafulatana, komai ya taɓa fatarta sai ya nuna. Na ce mata, ke, da wa kika kara ban ji kalangu ba? Ta yi dariya, ta ɗauki madubi, dariyar ta tsaya. Na taɓa wurin, ta ce ba zafi. Shekara talatin ina feɗe dabba. Saniyar da aka doka da sanda a hanyar kasuwa, in ka ɗaye fata za ka ga wurin ya tashi, naman ya dagargaje, jini ya shige ciki. Nata babu kumburi, jini ne kawai ya kwanta a ƙarƙashin fata kamar an zuba shuni. Bayan kwanaki ya baje. Ta yi tari mai ƙarfi, ya dawo. Ta sunkuya shara, ya dawo.

A asibitin kusa wani ya ce ƙoda ce, wani ya ce zuciya, daga ƙarshe suka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Can muka faɗa hannun wani likita matashi, siriri, wanda ba ya gaggawa. Ya sa ta fito da harshe, ya daɗe yana kallo. Ya dubi idanun. Sannan ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa sa mata hannu. Raina ya ɓaci, amma na ga tambaya ce yake yi, bai yanke hukunci ba. Na ce ban taɓa ba. Sai ya nemi izininta, ya ɗan mintsini fatar wuyanta da yatsu biyu, mintsinin da ko jariri ba zai yi wa kuka ba. Muna kallo wurin ya yi jawur, ya koma baƙi.

Ya ce yana zargin wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba, amma ba zai faɗi sunansa ba sai ya tabbatar. Ya sa allura mai kauri ya zuƙo ɗan kitse daga fatar cikinta, gefen cibiya, bai kai ƙwayar dawa ba, ya rufe da filasta. Ya ce akwai wani rini da ake zuba wa kitsen, su ba su da shi, sai ya aika wa malaminsa can kudu. Mu dawo bayan mako shida. Ya ba ta ƙwayoyin da ke sa fitsari don ruwan ƙafa ya ragu, ya ce ta bar gishiri.

A cikin makonnin nan shida 'yarmu ta fari ta haihu a Zurmi. Na ce ta zauna, ta ce jikan fari ko a kan jaki za ta je. Ta rambaɗa tozali don ya ɓoye idon. Ranar suna hayaƙin girki ya sa ta tari, jinin ya bazu har ya wuce tozalin. Mata suka gani. Ba wadda ta tambaye ta, kowa ta riƙe abinta ta kai gida. Kafin mako maganar ta isa Shinkafi.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da tsayawa a jiharmu ba, jihar ma kanta sabuwa ce. Ni ma na yi kabbara da murna, har yau ban yi da-na-sani ba. Amma akwai waɗanda gemunsu ya tsiro cikin mako guda, suka ga kasuwa ta buɗe. Yayan matata ya shiga wani kwamitin masu sa ido a garinsu, ya sayi jaka ta hannu, tafiyarsa ma ta sake.

Ya zo ranar wata Lahadi, bai biya gidana ba, ya bi mu sallar la'asar. Ana sallamewa ya riga kowa fita, ya tsaya kan dakali.

“Jama'a ku dakata, ku zan shaida. Wanga mahauci ya maida ƙanwata filin dambe. An hana su kiɗa da naushi a waje, shi ya koma yi cikin ɗaki.”

Na ce ƙarya yake yi, ciwo ne, likita ya gani. Ya yi murmushi, ya ce shi da ya tsufa cikin asibiti ba za a koya masa sawun naushi ba. Mutane suka dubi hannuwana. Na ga lokacin da suka duba. Mutanen da na yi sahu da su shekara da shekaru, wasu ni na yanka ragon sunan 'ya'yansu.

Liman da mai unguwa suka ce a je gida a ji daga bakinta. A nan aka yi abin da har gobe yake ci mini rai. Su dattawa ba za su shiga su kalli fuskar matar wani ba, suka tsaya a zaure. Aka sa ta zo bayan asabari. Yayan kaɗai, da yake muharraminta ne, ya shiga ya gan ta. Liman ya ɗaga murya ya tambaye ta ko mijinta yana bugunta. Ta ce a'a. Ni na ji a'ar, don na saba da sabon bakin nata. Su kuwa gurnani kawai suka ji da kuka. Yayan ya fito yana girgiza kai, ya ce sun dai ji da kunnensu, har harshe ya fasa mata, kuma tsoro ya hana ta magana. Ya ƙara da cewa ya ga filasta a cikinta, mahauci ya kai ta an yanki namanta, Allah kaɗai ya san abin da za a yi da shi.

Ni kuma da wautata na ce a kira tsohuwa guda ta mintsini wuyanta a gani, yanzu jini zai kwanta. Mai unguwa ya ce, a gaban malamai kake cewa a mintsini matarka? Da bakina na ƙara wa kaina itace.

Liman mutumin kirki ne, sulhu ya nema. Ya ce a bar maganar alƙali da bulala da yayan ke ta ambata. Al'ada ce in ciwon mace ya yi tsanani danginta su ɗauke ta jinya, miji ba ya hanawa sai marar kunya. Ta je gida ta huta, in ta warke a zauna. Na ce saura mako uku mu koma wurin likita. Yayan ya ce likita yana gida. Ni na ɗauke ta da hannuna na sa a mota, don ƙafafun ba sa ɗaukarta sosai. Ta riƙe bakin rigata har direba ya tayar. Ƙwayoyin fitsarin na sa mata a ƙullin zane. Daga baya na ji a ranar yayan ya zubar da su.

Abin da na gani a kasuwa ba sai na faɗa duka ba. Masu sayen nama suka riƙa wuce rumfata suna kallon gefe. Abokan sana'a masu wasa da ni suka daina wasan, wannan ya fi zagi ciwo. Wani tsohon abokin karawata ya zo ya dafa ni, wai shi mai ba da shawara, ya ce mace ba a sa mata hannun dama, ko da wasa. Sarkin fawa ya kira ni gefe ya ce in yi haƙuri, in kuma gyara. In gyara me?

Kowace Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, nakan bar rumfa in hau mota da hanta da ƙoda a ganye. In yi sallama a zauren yayan nata, a karɓi naman, a ce tana barci. Alhamis uku tana barci.

Ranar da likita ya sa mana na tafi ni kaɗai. Da ya ga babu ita fuskarsa ta canza. Na gaya masa komai, ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Sannan ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani ɗaki, ya ɗora ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin nan nasu mai ƙara girman abu, ya ce malaminsa ya dawo da shi, in sa ido. Na ga wani abu ja-ja kamar an ɗiga zoɓo a tsumma. Ya murɗa wani abu a jikin madubin, jan nan ya koma kore shar kamar ɗanyen mangwaro. Ya ce wannan koren shi ne shaida, babu abin da ke yin haka sai ciwon da yake zargi.

Sunansa amiloyidosis. Na sa ya rubuta mini da manyan baƙaƙe, na yi ta maimaitawa a mota har ya zauna. Ya ce wani abu ne jiki ke haɗawa da kansa, ya rasa yadda zai fitar, sai ya riƙa jibge shi a ƙoda da zuciya da harshe da ƙananan hanyoyin jini. Hanyoyin su yi rauni, tari ko sujada kaɗai ya isa ya fasa su. Na ce kamar kakiɗe ke nan, in romo ya huce ya daskare a tukunya. Ya ce abin ba kitse ba ne, amma misalin ya yi. Na ce na sha yanka tsohuwar dabba in tarar da hantarta ta yi fari ta yi tauri kamar sabulu. Ya jawo biro ya tambaye ni wace dabba, shekarunta nawa, ya rubuta. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin mai ilimi ya rubuta maganar mahauci ba.

Bai ruɗe ni ba. Ya ce ciwon ba ya warkewa, ko a ƙasashen da suka ci gaba bincike ake kan yi. Amma akwai wasu ƙwayoyi da ake ba masu cutar jini, a wurin wasu suna rage masa gudu. In aka cire mata ruwan jiki aka kula da zuciyar, za ta iya samun watanni, wataƙila fiye, tana numfashi ba wahala. Ya ja mini kunne, kada kowa ya ba ta maganin zuciya ko allura da ka. Ya rubuta takarda ya buga hatimi, a ciki ya faɗa ƙarara cewa baƙin idon daga ciwon ne, ba duka ba. Ya ce in kawo ta cikin makon.

Ban tsaya Ƙaura ba, na zarce Shinkafi. Na sami yayan a kemis, ƙauyawa sun cika benci. Na gaishe shi da ladabi, na ce Yaya ga takardar likita. Ya karanta. Na san ya karanta, don na ga leɓensa yana motsi, na ga inda ya tsaya ya koma baya. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

“Yaran likitocin yanzu, in sun rasa gane ciwo sai su ƙago mashi dogon suna. Kai kuma ka samu inda za ka laɓe. Tashi ka ba marasa lafiya wuri.”

Hannuna na dama ya yi nauyi. Tsakanina da haƙoransa bai kai kamu biyu ba, kuma na san inda ake sa shi mutum ya kwanta. Sai na tuna abin da yake jira ke nan. In na taɓa shi, na sa hannu a kan ƙaryarsa. Na cusa hannun a aljihu na fita. Na koma wurin liman da mai unguwa, suka ce ina takardar? Na ce tana aljihunsa. Suka ce to a bi a hankali, jinya ba a yi mata gaggawa.

Sau ɗaya na ƙara ganinta. Wata Alhamis da azahar, yana can kemis kasuwa ta cika, matarsa ta leƙo zaure ta ce in shigo da sauri. Na tarar da matata a jingine da bango an tara mata matasai, don in ta kwanta numfashi yana ɗaukewa. Cikin ya kumbura, ƙafafun kamar turame. Idanun nan biyu baƙi ƙirin, sabon jini a kan tsoho, wata biyu rabona da ita. A ƙusar bango kuwa ga ledar ƙarin ruwa a rataye, an gama. Ƙarin ruwa, ga wadda ruwa ke kashewa. Abin da ya iya ke nan, kowa ya zo masa da ciwo sai ya rataya masa leda.

Matar tasa ta tsaya bakin ƙofa tana waige. Ta ce, “Mun gani, tun makon farko munka gani. Ta tashi daga salla ya fito mata a gabanmu. Shi ma ya gani. Ya ce duk wadda ta fitar da maganar a bakin aurenta.”

Ka ji inda laifin yake. Da farko sai in ce kuskure ya yi, ya ga ido ya ce naushi, ɗan'uwa ne, zuciya ta ɗebe shi. Amma tun makon farko ya san gaskiya. Ya zauna ya auna, ran ƙanwarsa da sunana a gefe guda, a ɗaya gefen kuma a ce likitan Shinkafi ya yi kuskure a gaban masallaci. Ya zaɓa.

Matata ba ta iya magana ba. Ta kamo hannuna na dama, wanda duk garin ke kallo, ta ɗora a fuskarta ta riƙe. Na ce mata gobe zan zo da mota ko da faɗa. Ta girgiza kai, ta nuna ƙirjinta. Ta san hanyar Sakkwato ta fi ƙarfinta yanzu. Duk da haka na je na yi magana da direba, muka sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe ta cika. Yayan bai aiko kowa ba. Wani direban motar Shinkafi ne ya tsaya a rumfata bayan an sauko masallaci, ya yi mini gaisuwa, yana zaton na sani. Na isa na tarar da ƙasa ɗanya. A garinmu kafin a sallaci mace akan nemi mijinta a ce ya yafe mata. Na tambayi wanda ya halarta, wa aka tambaya? Ya ce yayanta ya ce a wuce wurin. Na durƙusa a gefen kabarin na faɗa mata, ko da yake babu abin da zan yafe, ita ce ke bina.

Bayan arba'in na koma wurin likitan don ya sani. Ya yi mini ta'aziyya kamar ɗan'uwa. Ya nemi izini ya rubuta labarin ciwonta ga sauran likitoci, ba suna ba gari, don in wata ta zo da irin wannan ido a gane da wuri. Na ce ya rubuta, amma ya sa a ciki cewa mijinta bai taɓa dukanta ba. Ya ce zai sa cewa an zargi mijin a kan kuskure, don wannan ma darasi ne. Ya sake rubuta mini takardar nan da hatimi. Na kai wa liman, ya sa wani malamin makaranta ya fassara masa, ya yi salati, ya ce Allah ya isar mini. Na ce ya faɗa a masallaci. Ya ce wanda ya ɗaura shi ya kamata ya kwance, kuma tone-tone bayan mutuwa ba kyau. Na naɗe takardar a leda na sa a akwatin wuƙaƙena. Masu saye sun dawo a hankali, nama ba ya da laifi. Amma har yau akwai matan da in sun aiko sai su ce a sayo wurin wanda ya kashe matarsa, ya fi ba da tsoka.

Shekara uku yayan nata bai tako Ƙaura ba. Sai na ji ya samu kujerar Makka cikin waɗanda ake raba wa 'yan kwamiti. Kowa ya san al'ada, mai niyyar hajji yakan zaga dangi da abokan hulɗa ya nemi gafara kafin ya tashi, don kada ya je ɗakin Allah da hakkin wani a wuya. Na ce a raina zai zo. Na wasa haƙurina kamar wuƙa na jira.

Ya zo da hantsi, kasuwa ta fara cika, cikin farar shadda sabuwa, yana ɗage ta kada ta taɓa jini. Abokan rakiyarsa biyu ya bar su can bakin rumfunan hatsi. Ya matso har ina jin turarensa, ya rage murya kamar mai tayin kayan sata. Ya kira ni ƙanena, kalmar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce jibi za su shiga sansanin alhazai, rai a hannun Allah yake, abin da ya wuce ya wuce, zaman tare ba a rasa saɓani, a yafi juna.

Na goge wuƙar da ke hannuna na ajiye ta nesa, inda kowa zai ga na ajiye. Na buɗe akwati na fito da takardar. Ban rage muryata ba. Na ce ya san wannan? Ya ce ya sani. Mahautan da ke kusa suka daina sara. Na ce abu ɗaya nake so, kuma ba shi da tsada. Yau da la'asar ya bi mu salla, ya hau dakalin nan da ya hau, ya ce jama'a na yi wa mutumin nan ƙazafi, ciwo ne, na gani da idona na ɓoye. In ya faɗi haka, nawa hakkin na bar masa kafin ya sauko.

Ya dubi hagu ya dubi dama. Ya ce haba ƙanena, ka san matsayina yanzu, mutane na kallona, mi za a samu a tonon tsohon miki? Ya ce Allah ma muna yi masa laifi ya yafe.

Na ce, “Allah ba ka ce ya bugi matarsa ba. Ni ka ce wa. Da ƙarfi ka faɗa, a kan dakali, yanzu kana son in yafe maka a raɗa. To buɗe kunnenka, likita. Ban yafe ba. Watannin da anka ce za ta samu, a ɗakina za ta yi su, kai ka cinye. Ka rataya mata ruwa tana nutsewa don kada a ce ba ka iya ba. Ka hana ni in ce mata na yafe tana kan makara. Tafi Makkarka. In ka sa hannu ga ɗakin nan, ka tuna akwai mahauci a Ƙaura da bai sake ka ba. In ka yi sujada ka ɗago, ka tuna idonta. Ka je ka dawo, a kira ka Alhaji, ni da kai sai gaban wanda ba a ninke mashi takarda a sa aljihu. Yanzu matsa man daga gaban nama, kana kore man masu saye.”